Suna linzami: ikon magana cikin wasan "Romeyo da Juliyet" na Shekspiya

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba wasan "Romeyo da Juliyet" ta fuskar kimiyyar harshe. Manufarmu ita ce mu nuna cewa halakar masoyan biyu tana da tushe cikin tsarin magana na birnin da suke zaune: wa ke da ikon furta kalma ta zama aiki, wa ke jin ta, kuma ta wace hanya take isa. Mun dogara ga abubuwa huɗu na cikin matanin: suna, furuci mai aiki, wakilin suna, da takardu.

0. Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibbanmu abin da ya kashe Romeyo da Juliyet, amsa biyu ake samu. Wasu su ce ƙaddara ce, tun da mai gabatar da wasan ya faɗa tun farko cewa taurari ba su tare da su. Wasu su ce auren tilas ne, domin sun ga uba yana ƙoƙarin aurar da ɗiyarsa ga wanda ba ta so, jigon da suka saba da shi cikin littattafan soyayya na Kano da wasannin rediyo. Kowace amsa tana da abin kamawa cikin matani. Amma ta farko tana rufe ƙofar nazari, domin in an ce ƙaddara, magana ta ƙare. Ta biyu kuwa ba ta bayyana abin da ya sa uban da ya ce wa mai neman auren ya dakata shekara biyu, kuma ya nemi yardar yarinya (I, 2), ya rikiɗe cikin kwana biyu ya zama mai barazanar korar ta daga gida (III, 5).

Ga ganinmu, akwai hanya ta uku, kuma masanin harshe yana da kayan aikin bin ta. Za mu kira irin wasan da Turawa ke ce wa tarajedi "wasan juyayi". Lambar Rumawa tana nuna kashi, lambar da ke biye tana nuna fitowa. Ba za mu kawo layukan wasan ba, za mu ba da ma'anarsu da namu kalmomi.

1. Asalin labarin da abin da Shekspiya ya canza

Wiliyam Shekspiya (Shakespeare, 1564-1616) ya rubuta wasan wajen 1595. An buga shi karo na farko a 1597, sannan aka yi bugu na biyu, wanda ya fi cika, a 1599. Labarin ya girmi wasan. Ana samun shigensa a wurin Masuccio na Salerno a 1476. Luigi da Porto ne ya kai shi birnin Berona ya kuma ba masoyan sunayen da aka san su da su. Bandello ya sake shi a 1554. Pierre Boaistuau ya juya shi zuwa Faransanci a 1559. Daga nan Arthur Brooke ya mai da shi doguwar waƙa cikin Ingilishi a 1562. Waƙar Brooke ce Shekspiya ya ɗora aikinsa a kai.

Canje-canje uku sun shafi nazarinmu. Na ɗaya, lokaci: abin da ya ɗauki watanni a wurin Brooke, Shekspiya ya matse shi tsakanin safiyar Lahadi da asubar Alhamis. Na biyu, shekaru: Juliyet ta Brooke tana da kimanin 16, ta Shekspiya ba ta cika 14 ba. Na uku, wa'azi: Brooke ya buɗe littafinsa da gargaɗi game da ƴaƴan da ke bin sha'awa suna ƙin bin iyaye, Shekspiya kuwa ya jefar da wannan gargaɗi gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya gada bai taɓa ba. A wurin da Porto da Bandello, yarinyar tana farkawa cikin kabari kafin Romeyo ya cika, har su yi sallama. Boaistuau ne ya cire wannan zance na ƙarshe, Brooke ya bi shi, Shekspiya ya bi Brooke. Ƴan wasan Ingila na ƙarni na 18, irin su David Garrick a 1748, sun ga kamar an yi hasarar wurin zuba hawaye, suka maido da shi. Za mu ga cewa rashin wannan zance shi ne abin da ya dace da ginin wasan.

2. Suna: Juliyet tsakanin Saussure da Benveniste

Sanadin gabar gidan Montegu da gidan Kapulet ba a faɗe shi ko'ina cikin wasan ba. Abin da Sarki Eskalus ya ce kawai shi ne faɗa uku sun tashi cikin gari a kan maganar da ba ta da nauyi (I, 1). Fitowar farko ta nuna mana yadda haka ke faruwa: barorin Kapulet suna yi wa na Montegu alamar reni da babban yatsa, suna tambayar juna ko doka za ta kāre su in sun amsa cewa da su suke. Gabar ba ta da abin da ta ƙunsa face sunaye biyu da alamomin da ke rataye a kansu.

Saboda haka yana da muhimmanci mu lura da cewa zance ɗaya tak masoyan suka yi ba tare da suna ya shiga tsakaninsu ba: haɗuwarsu ta farko wurin bikin Kapulet (I, 5). A nan Shekspiya ya raba musu waƙa mai layi 14, irin wadda ake kira sone, wannan ya ja wancan ya amsa, amsa-amon ɗaya yana cika na ɗaya. Bayan sun rabu ne kowannensu ya sami sunan ɗayan daga bakin mai renon Juliyet. Sai dai kafin haka Tibalt ya riga ya gane Romeyo, duk da fuskar aro da ya sa, kuma da murya ya gane shi. Juliyet ma, cikin duhun lambu (II, 2), da murya ta gane shi tun bai yi dogon zance ba. Ƙiyayya da soyayya hanya guda suka bi. Mutum yana iya rufe fuska, amma da zarar ya buɗe baki ya faɗi gidansu.

A wannan fitowa ta lambu ne Juliyet ta yi shahararren tunaninta game da suna. Tun farko sai mu gyara wani kuskure da ya yaɗu tsakanin masu karatu da Ingilishi: kalmar wherefore da ta fara da ita tana nufin "don me". Yarinyar ba neman inda Romeyo yake take yi ba, tana tambayar dalilin da ya sa shi ne shi. Hujjarta ita ce suna ba gaɓa ce ta jiki ba, kuma ta ba da misali da furen wardi, wanda canjin suna ba zai rage masa ƙamshi ba. Duk wanda ya karanta darussan Saussure (1916) zai gane wannan magana nan take: babu wani dalili na halitta da ya ɗaure amon kalma da ma'anarta.

To amma akwai gyara biyu. Na farko shi ne wanda Benveniste ya kawo cikin maƙalarsa ta 1939: wannan rashin dalili mai kallo daga waje ne ke ganin sa, ga mai magana da harshen, ɗaurin amo da ma'ana dole ne, ba ya da ikon kwance shi. Juliyet tana magana kamar mai nazari da ke tsaye bayan ganuwar Berona, alhali kuwa cikin gidan ubanta take. Gyara na biyu ya fi nauyi. "Wardi" suna ne gama-gari, "Montegu" kuwa sunan zuri'a ne. Sunan zuri'a yana sa mutum cikin jerin masu gado da masu ramuwa, yana nuna wanda zai tsaya masa da wanda zai zare masa takobi. Ana iya canza wa fure suna ba wanda ya rasa kome. In Romeyo ya ajiye nasa, to wane ne zai amince ya ajiye? Tibalt bai ji alkawarin lambu ba. Derrida, cikin ɗan rubutun da ya yi game da wasan a 1986, ya lura cewa Juliyet da sunan take kiran sa sa'ad da take roƙon ya rabu da sunan.

Wasan da kansa ya ba ta amsa. Bayan Romeyo ya kashe Tibalt, aka gaya masa Juliyet tana kiran sunansa tana kuka, sai ya zare wuƙa yana tambayar Fada Loran a wane sashe na jiki suna yake zaune, don ya yanke shi (III, 3). Wadda ta ce suna ba gaɓa ba ne, ga mijinta yana neman sa cikin namansa. Hausawa sun ce suna linzami, kuma shi linzami ba dokin ne ke riƙe da shi ba.

3. Furuci mai aiki: wa ke da baki a Berona?

Austin (1962, fassarar Faransanci 1970) ya bambanta furucin da ke ba da labari da furucin da shi kansa aiki ne: ɗaurin aure, rantsuwa, hukunci, raɗin suna. Irin wannan furuci ba a auna shi da gaskiya ko ƙarya, ana auna shi da inganci: ko wanda ya dace ne ya furta shi, a inda ya dace, kuma ko an ji an karɓa. Bourdieu (1982) ya ƙara da cewa ƙarfin irin wannan kalma daga matsayin mai furta ta yake fitowa, wato daga jama'ar da ta ba shi baki. Idan muka jera manyan furucin wasan, za mu ga kowannensu yana da naƙasu ta wani gefe.

3.1. Auren da ya inganta amma ba a ji shi ba

Juliyet ce ta fara kawo maganar aure (II, 2), bayan ta hana Romeyo rantsuwa da wata, don wata mai canzawa ne. Ta fahimci cewa rantsuwar masoya cikin dare ba ta da mai tsaron ta, ta nemi furucin da ke da hukuma a bayansa. Fada Loran ya yarda da dalili guda: auren zai iya mai da gabar gidajen biyu zumunta (II, 3). Wannan buri yana buƙatar a san da auren. Sulhun da ba a sanar ba bai sulhunta kowa.

Shekspiya bai nuna mana ɗaurin auren a kan dandali ba; fitowar ta ƙare suna tafiya wurin ɗaura shi (II, 6). Ga idon coci aure ya ɗauru, ga kunnen gari ba abin da ya faru. Sakamakon ya bayyana cikin sa'a guda. Tibalt ya zagi Romeyo, Romeyo ya amsa masa da lafazin ɗan'uwa, yana cewa yana da dalilin son sa da ba zai iya faɗi ba (III, 1). Maganar gaskiya ce tsantsa, domin Tibalt ya zama surukinsa. Amma babu wanda ke da mabuɗinta a wurin. Tibalt bai karɓe ta ba, Merkusiyo ya ɗauke ta tsoro ne da ƙasƙanci, ya zare takobi don ya wanke sunan abokinsa. A nan ne jini na farko ya zuba. Sanadinsa kalmar sulhu ce da aka faɗa ga mutanen da ba a ba su abin da za su fahimce ta da shi ba.

3.2. Alkawarin da aka ji amma bai inganta ba

Kishiyar wannan ita ce maganar tsoho Kapulet. Daren Litinin ya yi wa Faris, ɗan'uwan sarki, alkawarin ɗiyarsa, ya tsai da Alhamis (III, 4). Uba ne, yana da baki, kuma an ji shi. Abin da bai sani ba shi ne yana ba da abin da ya riga ya fita hannunsa. Fushinsa na washegari (III, 5) yana da alaƙa da wannan: ya riga ya ba babban mutum kalmarsa, kuma ya ƙare faɗansa da cewa ba zai zama mai saɓa rantsuwa ba. Magana zarar bunu ce. Wanda ya karanta wannan fitowa a matsayin hoton mugun uba kurum, ya rasa rabin abin da ke cikinta: mutum ne da tasa maganar ta ɗaure shi, kamar yadda ta Juliyet ta ɗaure ta. Wasan ya tsaya a kan waɗannan furuci biyu, ɗaya ingantacce a ɓoye, ɗaya ɓatacce a sarari, kuma yarinya ɗaya ce a tsakiya.

Hanyar da ta rage wa Juliyet ita ce magana mai harshen damo. Da uwarta (III, 5) da Faris (IV, 1) tana tsara jimlolinta yadda mai sauraro zai ji abin da yake so, ita kuma ba ta yi ƙarya ba. Gwaninta ce babba ga ƴar shekara 13, amma gwanintar wanda aka hana baki ce. Kowace jimla irin wannan tana sayo mata sa'o'i, tana kuma ƙara nisanta ta da masu iya taimakon ta.

3.3. Hukunci da la'ana

Sarki Eskalus sau uku yake fitowa: farko, tsakiya, ƙarshe. A fitowar farko ya ce duk wanda ya sake tada fitina a titi zai biya da ransa. Wannan doka ba ta kai kwana biyu ba aka karya ta, kuma shi da kansa ya sassauta ta ya mai da ita kora (III, 1). Kalmarsa ba ta iya hana faɗa ba, amma ta isa ta raba miji da mata. Fitowa biyu a jere (III, 2 da III, 3) masoyan suna juya kalmar "korarre" a bakinsu, kowanne a nasa wuri, Juliyet tana cewa kalmar ta fi mata mutuwar dubban Tibalt ciwo. Mantuwa, inda aka kori Romeyo, ba ta wuce kimanin kilomita 40 daga Berona ba. Nisan ba shi da yawa ga doki. Illarsa ita ce daga yanzu duk maganar da ke tsakaninsu sai ta bi ta hannun wani.

Merkusiyo kuwa, yana mutuwa, ya la'anci gidajen biyu, ya maimaita, yana kira musu annoba. Susan Snyder (1970) ta nuna cewa har zuwa wannan mutuwa wasan yana bin tsarin wasan ban dariya ne: samari, biki, dattijo mai hanawa, bara mai shirme, malami mai dabara. Da mai wasa da kalmomi ya faɗi, sai kalmomi suka daina zama abin wasa. Shi ba sarki ba ne, ba uba ba, ba limami ba. Bisa sharuɗɗan Austin furucinsa ba ya da hukuma. Duk da haka shi ne ya cika baƙi da baƙi, domin annoba ce za ta tare wasiƙar da ran Romeyo ya rataya a kai.

4. Wakilin suna: thou da you

Ingilishin zamanin Shekspiya yana da wakilin suna biyu na mutum na biyu tilo. You na girmamawa ne da nisa, thou na kusanci ne, ko na babba ga ƙarami, ko na reni. Brown da Gilman (1960) sun kira waɗannan fuskoki biyu iko da zumunci. A haɗuwar farko Juliyet da you take magana da baƙon. Cikin lambu ta koma thou. Da Faris kuwa (IV, 1), shi yana zamewa zuwa thou sa'ad da yake iƙirarin mallakar fuskarta, ita tana riƙe da you har suka rabu. Kapulet, cikin fushinsa, yana kai da komowa tsakanin biyun, wani lokaci ma ya bar ta tsaye ya yi maganarta da "ita" ga matarsa, kamar ba ta wurin.

Mafi yawan ɗalibbanmu ta fassarar Faransanci suke saduwa da wasan, kamar ta François-Victor Hugo ta ƙarni na 19. Tu da vous suna ɗaukar wani kaso na wannan nauyi, sai dai a Faransancin yau wanda ya koma tu ba ya yawan komawa vous cikin zance guda, alhali Ingilishin wancan zamani yana ba da damar haka. Ga Hausa matsalar daban ce. Muna bambanta kai da ke, abin da harsunan biyu ba su yi, kuma muna da ku na girmamawa, amma ga manya ake yin sa, ba tsakanin saurayi da budurwa ba. Wanda zai fassara wasan sai ya ɗora nauyin a kan kalmomin kira: "malam", "baƙo", "ke yarinyar nan", "ɗiyata", ko ambaton suna da ƙin ambaton sa. A nan Hausa tana da abin da Faransanci bai da shi. A al'adar da mace ke jin kunyar kiran sunan mijinta, iyaye kuma na ɗan farinsu, jin Juliyet tana nanata sunan Romeyo da bakinta abu ne mai girgiza kunne, kuma mai kallo ba ya buƙatar a yi masa bayanin cewa suna yana da nauyi.

5. Takardu uku

Ana yawan cewa hatsari ya yi yawa cikin wannan wasa, har wasu masu nazari suka ga bai kai manyan wasannin juyayi na Shekspiya ba. Amma hatsarin nan iri ɗaya ne duka, kuma takardu uku suna nuna hakan.

Ta farko ita ce jerin sunayen waɗanda aka gayyata biki (I, 2). Kapulet ya ba baran da bai iya karatu ba, baran ya tsai da Romeyo a hanya ya karanta masa. Romeyo ya ga sunan Rozalin, wadda yake so a lokacin, ya tafi bikin. Takarda ce da ta faɗa hannun wanda ba a rubuta wa ba.

Ta biyu ita ce wasiƙar Fada Loran zuwa Mantuwa, mai bayyana cewa mutuwar Juliyet barci ne na sa'a 42. Fada Jan, mai ɗauke da ita, an kulle shi cikin gidan da ake zargin annoba ta shiga (V, 2). Ga masu kallo na Landan wannan ba tatsuniya ba ce, domin annoba ta rufe gidajen wasansu mafi yawan lokaci tsakanin 1592 da 1594. Mu ƙara da cewa Kapulet ya matso da bikin daga Alhamis zuwa Laraba (IV, 2), don murnar biyayyar da ɗiyarsa ta nuna masa da baki. Wato maganarta mai fuska biyu ce ta rage wa wasiƙar kwana guda. Abin da ya isa wurin Romeyo shi ne labarin baka na baransa Baltazar, wanda ya ga an kai ta kabari. Baltazar bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Sau biyu Romeyo ya tambaye shi ko akwai wasiƙa daga Fada (V, 1). Cikin kabarin ma ya ga jan leɓenta da kumatunta, ya faɗa da bakinsa cewa mutuwa ba ta taɓa kyawunta ba (V, 3). Alamar rai tana gabansa, ya karanta ta a matsayin ado na waƙa, don ba shi da takardar da za ta ba ta ma'anarta.

Ta uku ita ce wasiƙar da Romeyo ya rubuta wa ubansa. Ita ce kaɗai ta isa, aka karanta, aka gaskata: sarki ya karɓe ta ya ce ta tabbatar da bayanin Fada Loran. Ta isa bayan marubucinta ya mutu.

Da haka za mu gane abin da ya sa gyaran Garrick ya raunana wasan. In Juliyet ta farka suka yi magana, to saƙo ya isa, ko da a makare. Ginin wasan yana bukatar kada ya isa sam. Waɗanda suka fara da waƙa ɗaya a baki biyu, sun ƙare kowa yana magana da wanda ba ya ji.

6. Ƙaddara, laifi, da abin da za mu koyar

Ɗalibin da ya taso da Racine yana neman laifin jarumi, kamar yadda aka koya masa daga Aristote. A wasan "Phèdre" (1677), kamar yadda Barthes (1963) ya nuna, masifa tana farawa ne sa'ad da aka furta abin da ya kamata a ɓoye. Labarin Laila da Majnun ma, a yadda aka fi sanin sa, ta wannan gefe yake: ambaton sunan yarinya cikin waƙa a bainar jama'a ne ya sa aka hana auren. "Romeyo da Juliyet" ya juya al'amarin. A nan masifa tana cikin abin da ya kamata a furta aka kasa. Fada Loran ya ce zai jira lokacin da ya dace ya sanar da auren (III, 3), ya sami dama gaban Faris, ya sami wata gaban iyaye, bai yi ba, ya gwammace maganin barci. Mai reno, wadda ta san kome, ta shawarci Juliyet ta auri Faris ta yi shiru. Kowannensu yana da dalilin tsoro, kuma tsoron daga gabar yake.

Ba mu cewa babu ƙaddara cikin wasan. Mai gabatarwa ya ambace ta, Romeyo yana ambaton taurari kafin biki da bayan labarin mutuwa. Gaggawar samarin ma tana nan, kuma Fada ya yi gargaɗi a kanta. Abin da muke cewa shi ne Shekspiya ya ba wannan ƙaddara hannaye da za a iya ƙirgawa: birnin da gaskiya ba ta da hanyar da za ta bi daga ɗakin yarinya zuwa zauren ubanta. Sarki da kansa, a ƙarshe, ya ɗora laifin a kan gabar iyayen da kuma kau da kan da shi ya yi. Mutum shida suka mutu: Merkusiyo, Tibalt, Faris, Romeyo, Juliyet, da uwar Romeyo da baƙin ciki ya kashe, biyar daga cikinsu matasa ne.

Wannan yana da amfani ga aji da ga dandali. Teyatur ɗinmu na Hausa, kamar yadda Beik (1987) ta bayyana shi, ya saba rufewa da darasi bayyananne. In aka ɗauki wannan wasa zuwa gare shi, jarabawar ita ce a zaɓi ɗayan darasi biyu: "ƴaƴa ku bi iyaye", wanda shi ne wa'azin Brooke da Shekspiya ya zubar, ko "iyaye ku bar tilas", wanda ya manta cewa Kapulet bai san kome ba. Tambayar da ta fi dacewa a bar wa mai kallo ita ce: a wace fitowa ce wani zai iya faɗin gaskiya, kuma me ya hana shi? Ɗalibin da ya bi wasan fitowa bayan fitowa da wannan tambaya zai karanta matanin da kansa, maimakon ya haddace hukuncin wani.

7. Kammalawa

Auren Romeyo da Juliyet an ɗaura shi Litinin, an sanar da shi asubar Alhamis, a bakin kabari, cikin dogon jawabin Fada Loran gaban sarki da iyaye. Sai a lokacin furucin ya sami masu ji. Nan take ya yi aikin da aka ɗaura shi dominsa: Kapulet ya kira Montegu ɗan'uwa, ya miƙa masa hannu, yana cewa wannan hannu shi ne haƙƙin auren ɗiyarsa. Lissafin Fada daidai ne, sai dai sharaɗin sanarwa ya cika bayan ma'auratan sun tafi. Iyayen kuma, da suka so su girmama ƴaƴansu, sun yi alkawarin gumakan zinariya da za su riƙe sunayensu muddin ana kiran Berona da sunanta. Yarinyar da ta roƙi a cire suna daga tsakaninsu, da suna aka saka mata.

Aikin da ya rage shi ne a ƙirga sauyin wakilin suna fitowa bayan fitowa, a kwatanta bugun 1597 da na 1599, sannan a gwada fassarar fitowar lambu da ta fushin Kapulet cikin Hausa, don a ga iyakar abin da kalmomin kira za su iya ɗauka.